DURO LADIPO, MALAMIN MAKARANTAR DA YA MAI DA GIDAN UBANSA MATATTARAR MASU FASAHA

A cikin watan Maris na shekarar 1962, mutanen garin Oshogbo suka yi cincirindo a wani gida da ke bakin hanyar tashar jirgin ƙasa, don su ga abin da ɗan malamin cocin nan ya daɗe yana shiryawa. Gidan ba wani na a zo a gani ba ne. Akwai 'yar mashaya a gaba, da tsakar gida a baya inda aka kafa dandamali, sai kuma ɗakin da aka share aka rataya hotuna a bango. Amma daga wannan gida ne aka sami wasan kwaikwayon da ya kai sunan Nijeriya har Jamus da Ingila, daga nan ne kuma waɗansu samari da ba su taɓa shiga ajin koyon zane ba suka fito suka zama mashahuran masu zane. Sunan kulob ɗin Mbari Mbayo, mai gidan kuwa shi ne marigayi Duro Ladipo.

An haifi Duro Ladipo a Oshogbo zamanin mulkin Turawa, tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Sunansa ma kaɗai ya isa ya ba da labarin halin da iyayensa suke ciki sa'ad da ya zo duniya. Mahaifiyarsa ta yi ta haihuwa 'ya'yan suna komawa tun suna jarirai, watau abin da Hausawa ke kira wabi, Yarabawa kuma suke kira abiku. Kamar yadda Bahaushe yakan sa wa irin wannan yaro suna Ajuji ko Barmani, haka Bayarabe yakan sa masa sunan da ke roƙonsa ya zauna. Ma'anar Duro ke nan, watau tsaya, kada ka tafi. Wannan karon Allah ya raya.

Mahaifinsa, Joseph Oni Ladipo, ma'aikacin cocin Anglika ne, ya kuma so ɗansa ya bi sawunsa. Amma a gidan akwai kakan yaron, wanda bai bar al'adun kakanninsa ba, makaɗi ne kuma mai bin Shango, watau abin da Yarabawan dā suke danganta aradu da walƙiya da shi. Saboda haka yaron ya tashi tsakanin gida biyu. Da safe yana coci yana koyon waƙoƙin da aka fassaro daga Turanci ana bi da su da molon Turawa, da yamma kuwa yana bayan kakansa wajen bukukuwan gari, yana kallon dodannin egungun, yana sauraron kirarin sarakuna da waƙoƙin maharba. Duk wanda yake son ya gane aikin Ladipo na baya, to, lalle ya riƙe wannan, gama bai taɓa sakin ɗaya daga cikin biyun ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Bai yi karatu mai zurfi ba. Ya gama makarantar mishan, ya sami horon aikin malanta, ya kama koyarwa a makarantun firamare. Aikin ya kai shi Ilesha, sa'an nan cikin shekarun 1950 ya hau jirgin ƙasa ya zo Kaduna, inda ya yi 'yan shekaru yana koyarwa a wata makarantar mishan, har ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makaranta. A nan ya fara gwada hannunsa a kan shirya wasa da yara da 'yan'uwansa malamai, waɗanda ba wanda ake biya ko anini a cikinsu. Wajen ƙarshen shekarun nan ya tattara ya koma gida.

RIGIMAR GANGA A COCI

A shekarar 1960, shekarar samun mulkin kai, aka ba shi aikin shirya waƙoƙin bikin Ista na cocinsu a Oshogbo. Ya shirya waƙoƙin da Yarabanci, wannan ba laifi. Laifin da ya yi a idon dattawan coci shi ne da ya shigo da gangunan gargajiya, har da bata. Ita bata ganga ce mai baki biyu, ɗaya babba ɗaya ƙarami, kuma kowa a ƙasar ya san ta Shango ce. Dattawan nan, waɗansunsu su ne suka sha wahala kafin su rabu da bautar gargajiya, suka ga an dawo musu da abin da suka guje wa har cikin ɗakin ibada. Hankali ya tashi, aka nuna masa ba a bukatar irin wannan kiɗa a wurin.

Ba za a ce dattawan ba su da hujja ba, don kuwa a wurinsu ganga ba kayan kiɗa kawai ba ce, tana da mai ita. Shi kuma Ladipo yana ganin harshen Yarabanci harshe ne mai hawa da saukar murya, idan aka ɗora shi a kan karin waƙar Turawa sai ma'anar kalmomi ta karkace, ganga kuwa ita ce ke iya bin muryar harshen sau da ƙafa. Mai karatun da ya san yadda kalangu ke kiran sunan mutum ya yi masa kirari ba tare da maroƙi ya buɗe baki ba, zai gane abin da ake nufi, don gangar dundun ta Yarabawa 'yar'uwar kalangu ce, da tsarkiya ake matsa ta a sassauta. Kowa ya tsaya a kan bakansa. Ƙarshenta dai Ladipo ya fita neman wani wurin da zai kai kiɗansa.

A wannan lokaci akwai wani Bajamushe zaune a Oshogbo, ana ce da shi Ulli Beier. Ya zo Nijeriya a 1950 don ya koyar a Kwalejin Jami'a ta Badun, daga baya ya koma sashen ilmin manya, aikin da ya sa ya riƙa zaga garuruwa yana ba da lacca ga malamai da akawuna. Ya zauna a Ede, ya zauna a Ilobu, sa'an nan ya sauka Oshogbo. Shi ne ya fara buga mujallar adabi mai suna Black Orpheus a 1957. A 1961 kuma shi da su Wole Soyinka da J. P. Clark da Christopher Okigbo da Ezekiel Mphahlele, mutumin Afirka ta Kudu, da waɗansu masu zane irin su Demas Nwoko da Uche Okeke, suka buɗe kulob na marubuta da masu fasaha a Badun. Chinua Achebe ne ya ba da sunan, watau Mbari, sunan wani ɗaki da Ibo na wajen Owerri suke ginawa su cika shi da siffofin yumɓu.

Beier ya ji labarin abin da ya sami Ladipo, ya gayyace shi ya kawo mawaƙansa da makaɗansa kulob ɗin Badun lokacin Kirsimati na 1961. Abin da coci ta ƙi, sai ga shi 'yan boko sun karɓa hannu biyu biyu. Ladipo ya dubi wurin, ya ga ba kome ba ne illa tsakar gida da ɗakin nunin hotuna da 'yan littattafai, ya ƙudura a ransa cewa Oshogbo ma za ta iya. Bai jira gwamnatin Jihar Yamma ko En'e ta ba shi fili ba. Gidan ubansa ya gyara.

Sunan da aka ɗauko daga Badun bai daɗe a yadda yake ba. Mutanen Oshogbo ba su san wani ɗakin yumɓu na ƙasar Ibo ba, da suka ji kalmar sai kunnensu ya ji Yarabanci, suka ƙara mata wutsiya ta zama Mbari Mbayo, watau in da zan gani da na yi murna. Wannan 'yar ƙaramar magana ta nuna bambancin kulob ɗin biyu. Na Badun wurin masu digiri ne, Turanci ake yi, ana muhawara a kan adabin Faransa da Amurka. Na Oshogbo kuwa 'yan kasuwa ne ke cika shi, da masu rini, da maƙera, da 'yan makaranta, da sarakuna da fadawansu, Yarabanci ne kuma harshen wurin.

SARKIN DA BAI RATAYE KANSA BA

Wasan da aka buɗe kulob ɗin da shi sunansa Oba Moro. Labarin wani Alafin na Oyo ne mai suna Abipa, wanda ya yi niyyar mai da mutanensa tsohon birninsu bayan sun daɗe suna gudun hijira a Igboho. Manyan fada ba su son komawa, sai suka tura waɗansu mutane kufai suka yi shigar fatalwa don su tsorata 'yan leƙen da sarki zai aika. Sarki ya gano makircin, ya sa maharba suka kamo fatalwowin, ya kawo su gaban iyayen gidansu. Ladipo ya samo labarin ne daga littafin tarihin Yarabawa na Samuel Johnson, wanda aka buga a 1921, kuma daga wannan rijiya ya ci gaba da ɗiba.

Da kulob ya cika shekara guda, a 1963, ya fito da wasan da har yau in an ambaci sunansa shi ake fara tunawa, watau Oba Koso. Shango, kafin a mai da shi abin bauta, Alafin ne na Oyo, mai zafin rai, wanda aka ce wuta kan fito daga bakinsa in ya husata. Yana da jarumawa biyu, Timi mai kibiyar wuta da Gbonka mai surkulle. Yaƙe-yaƙensu sun ishi talakawa, ƙarfinsu kuma ya fara ba sarki tsoro. Maimakon ya fuskance su, sai ya yi dabarar haɗa su faɗa don ɗaya ya kashe ɗaya. Ya tura Timi tsaron Ede da fatan zai hallaka a can, sai ga shi ya zama sarkin garin. Ya tura Gbonka ya kamo shi, Gbonka ya sa masa barci da surkulle ya kawo shi Oyo a ɗaure. Sarki bai gamsu ba, ya ce a sake karawa a bainar jama'a. Gbonka ya kashe Timi, sa'an nan ya juyo kan sarkin da ya so ya ga bayansa, ya ba shi wa'adi ya bar gari. Shango ya fita, mutanensa suka yi ta zamewa ɗaya bayan ɗaya, har matarsa Oya da ta rage masa ita ma ta juya. Baƙin ciki ya sa ya rataye kansa a wani wuri da ake kira Koso. Magoya bayansa kuwa, don su kare mutuncinsa, suka baza cewa sarki bai rataye kansa ba, sama ya hau, daga can yake magana da aradu. Abin da sunan wasan yake nufi ke nan.

Wanda ya dubi shekarar da aka yi wasan zai ga ba tatsuniya kaɗai ake yi ba. A 1962 jam'iyyar da ke mulkin Jihar Yamma ta dare biyu tsakanin Cif Awolowo da Cif Akintola, aka yi doke-doke a majalisa, Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci. Ladipo bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma shiga irin tarkon da Hubert Ogunde ya shiga ba, wanda gwamnatin Akintola ta hana shi wasa a jihar a 1964 saboda wasansa Yoruba Ronu. Amma 'yan kallon da suka ga shugaba ya haɗa manyan yaransa gaba, gida ya rushe a kansa, ba sai an yi musu fassara ba.

Abin da ya raba Ladipo da sauran masu wasan yawo na zamaninsa shi ne bin diddigi. Ogunde ya fara tun 1944, ya kuma iya jan jama'a da raha da kiɗan zamani. Kola Ogunmola gwanin kwaikwayon halin mutane ne. Shi kuwa Ladipo sai ya tafi wurin masu abin. Ya zauna da makaɗan fada, da masu hidimar Shango, da maharba, ya koyi kirarin kowane sarki da kiɗan da ya dace da shi, da irin rawar da ake takawa, da tufafin da ake sawa. Bai yarda a buga kiɗan wani a wurin wani ba. Magana ba ta da yawa a wasanninsa, waƙa da kirari da ganga su ne ke ɗauke da labarin. Shi da kansa yake fitowa a matsayin Shango. Mutum ne ƙaƙƙarfa mai babbar murya, in ya shigo dandamali yana zare ido ganguna na tashi, 'yan kallo da yawa sukan manta malamin makaranta ne. Matarsa Abiodun ita ke fitowa a matsayin Oya, sunan kuma ya bi ta.

YARAN DA AKA BA FENTI

Ɓangaren zane na kulob ɗin ya fara ne a hankali. Da fari hotunan baƙi ake ratayawa, na masu zane daga sauran ƙasashen Afirka da Turai, mutanen gari su shigo su kalla kyauta. Sa'an nan aka ce me zai hana a gwada ba 'yan gari kayan aiki a ga abin da za su yi. A 1962 aka gayyato Denis Williams, wani mai zane mutumin Guyana wanda ya koyar a Hartum, ya yi kwas na 'yan kwanaki. Ba a tambayi kowa takardar shaida ba, ba a kuma karɓi kuɗin kowa ba. Daga kwasa-kwasan farko aka sami mutum biyu da suka yi fice, Jacob Afolabi, wanda shi ke sayar da abin sha a mashayar Ladipo, da Rufus Ogundele, ɗan wasa a ƙungiyarsa.

Kwas ɗin da ya fi suna shi ne na watan Agusta 1964, wanda Georgina, wata Baturiyar Ingila mai zane, ta gudanar. Ta fara zama a Zariya ne tun 1959, ta koma Oshogbo a 1963, daga baya ta auri Beier. Hanyarta mai sauƙi ce. Ta raba takarda da fenti da buroshi, ba ta ajiye kwalba ko ƙwarya ta ce a kwaikwaya ba, ba ta koyar da ƙa'idar nesa da kusa irin ta makarantun Turai ba. Kowa ya zana abin da ke kansa, ita kuma tana zagawa tana duban wanda hannunsa ke da wani abu nasa na kansa. Waɗanda ta zaɓa ta ci gaba da aiki da su wata da watanni, ta koya musu sassaƙa hoto a jikin ledar daɓe ko farantin ƙarfe, a shafa tawada a buga a takarda, yadda hoto guda zai ba da kofe da yawa a sayar da araha.

Mutum huɗu suka fito daga wannan kwas, kuma kusan dukansu yaran Ladipo ne. Muraina Oyelami makaɗi ne kuma ɗan wasa, ya zama mai zanen fuskoki da gidajen birni da launi mai sanyi. Adebisi Fabunmi, wanda aka haifa a Gana, ɗan wasa ne shi ma, ya yi suna wajen buga hotunan gari cunkus da gidaje, daga baya ya koma manna zaren ulu mai launi. Jimoh Buraimoh mai gyaran wutar lantarki ne, shi ke kula da fitilun dandamali. Shi ya dubi yadda ake yi wa kambin sarakunan Yarabawa ado da duwatsu, ya ɗauko dabarar ya riƙa jera duwatsun a kan katako suna ba da hoto. Na huɗun shi ne Taiwo Olaniyi, wanda duniya ta sani da suna Twins Seven Seven. Shi ma ɗan wabi ne, an ce mahaifiyarsa ta haifi tagwaye sau bakwai shi kaɗai ya rayu. Rawa yake yi wa masu tallar magani a kasuwanni, ya faɗo wani biki a kulob ɗin ba da gayyata ba, rawarsa ta sa aka riƙe shi. Da aka ba shi alƙalami sai ya cika takarda da aljanu da dodanni da namun daji, ko'ina zane, ba ya barin fili ko na ɗora yatsa.

Ba su ke nan ba. Asiru Olatunde maƙeri ne da rashin lafiya ta hana shi aikin ƙarfe mai nauyi, ya koma bubbuga hotuna a jikin farantin alminiyam. Adebisi Akanji birkila ne, ya koma gina siffofi da siminti, ya kuma zama na hannun daman Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya, wajen gyaran kurmin Oshun da ke gefen gari. Har waɗanda suka yi makaranta sun amfana, don Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi karatun zane a kwalejin Zariya, ya halarci kwas ɗin buga hoto da wani Baholande mai suna Ru van Rossem ya bayar, buga hoto kuwa shi ya zama sana'ar da aka san shi da ita.

Yawancin abin da aka rubuta a kan masu zanen Oshogbo yakan ba Turawan nan yabo, ya ambaci Ladipo a gefe kamar mai ba da hayar ɗaki. Wannan ba adalci ba ne. Gaskiya ne ba shi ya koya musu riƙe buroshi ba. Amma shi ya tara su tun kafin a yi zancen fenti, a gidansa suke kwana da tashi, a wurinsa suka ji labarun Shango da Oya da Oshun har suka haddace, waɗannan labarun ne kuma suka cika hotunansu. Sun ga yadda yake ɗaukar abin gargajiya ya juya shi ya zama sabo ba tare da jin kunya ba. Labulen bayan dandamali da kayan wasa ma tare da su ake yi. In ba don ƙungiyar wasan ba, da Georgina ta zo ta tarar da ɗaki ba kowa.

A 1964 aka gayyaci ƙungiyar bikin fasaha na birnin Balin, a Jamus ta Yamma ta wancan zamani. Yawancin 'yan wasan ba su taɓa hawa jirgin sama ba, 'yan kallo kuma ba mai jin Yarabanci, duk da haka Oba Koso ya girgiza wurin. A 1965 suka tafi Ingila bikin fasaha na ƙasashe renon Ingila, bikin da aka nuna wasan Soyinka mai suna The Road a London. Gwamnatin Tarayya ta ba Ladipo lambar girma ta MON. Kamfanin ɗab'i na Mbari ya buga wasanninsa uku da Turanci a 1964, fassarar Beier.

Na ukun cikinsu shi ne Oba Waja, labarin wani abu da ya faru a Oyo a tsakiyar shekarun 1940. Alafin ya rasu, al'ada ta ce wani bafadensa mai kula da dokinsa ya bi shi, Di'o Bature ya hana, sai ɗan bafaden ya kashe kansa a madadin ubansa don ya wanke gidansu daga abin kunya. Wannan labarin ne Soyinka ya sake ɗauka a 1975 ya rubuta Death and the King's Horseman, shekara goma sha ɗaya bayan na Ladipo. A 1966 kuma ya fito da Moremi, labarin matar Ife da ta bari mahara suka kama ta don ta gano asirinsu, ta cece garinta, amma ta biya da ɗanta tilo.

Suna bai zo shi kaɗai ba, ya zo da suka. Waɗansu masu zane da suka sha wahalar shekara huɗu a kwaleji sun ji haushin ganin yaran da suka yi kwas na 'yan kwanaki suna sayar da hotuna ga jakadu da Turawan kamfani a Ikko, ana kuma kai aikinsu London da sauran biranen Turai a matsayin fasahar Nijeriya. Suka ce Turawa ne ke son ganin Afirka cike da aljanu da dodanni, shi ya sa suke ɗaukaka marasa ilmi, suna hana su koyon ƙa'ida don kada su waye. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu sayen hotunan kusan duk baƙi ne, kuma da aka ga abin na kawo kuɗi sai masu kwaikwayo suka yi yawa, kowa na zana dodo mai ido huɗu don 'yan yawon buɗe ido. Amma zargin bai kama Ladipo ba ko kaɗan, domin shi 'yan kallonsa na farko mutanen Oshogbo ne, waɗanda in ya kuskure kirarin sarki guda za su gane nan take. Kuma cikin yaran nasa, waɗanda suke da abin faɗi sun ci gaba da aiki shekara arba'in da ɗoriya bayan malamansu sun tafi, abin da ɗan kwaikwayo ba ya iyawa.

Wata ƙura kuma ta tashi wajen 1966 zuwa 1967, sa'ad da jaridun Amurka suka tona cewa wata ƙungiyar raya al'adu mai hedkwata a Faris, wadda take taimakon Mbari na Badun da kuɗi, ashe hukumar leƙen asirin Amurka ce ke ba ta kuɗin a ɓoye. Marubutan da suka ci moriyar abin ba su san da haka ba, amma sunan Mbari ya ɗan shafu.

Lokacin ma abubuwa sun riga sun fara watsewa. An yi juyin mulki sau biyu a 1966, Beier da Georgina suka bar ƙasar suka tafi Papuwa Niugini, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka kashe Okigbo a bakin daga, kulob ɗin Badun ya mutu a tsaye. A 1968 Jami'ar Ife ta buɗe nata wurin mai suna Ori Olokun, waɗansu yaran Oshogbo suka koma can. Sauran kowa ya buɗe shagonsa ya ɗauki almajirai. Kulob ɗin da aka fara don sha'awa ya haifi sana'a, sana'ar kuma ta raba 'ya'yansa. Ga Ladipo wannan ba ƙaramin rashi ba ne, gama duk yaron da hotonsa ya fara kawo masa kuɗi ba ya komawa yawon wasa a bayan babbar mota.

Shi kansa nauyin ƙungiyar bai taɓa sauka daga kansa ba. Wasa irin nasa yana cin mutane da yawa, makaɗa da mawaƙa da 'yan rawa, ga kaya, ga mota, ga abinci, kuɗin ƙofa kuwa a garuruwan Jihar Yamma bai taka kara ya karya ba. Yabon da ake yi masa a Turai ba ya biyan kuɗin mai. Ya koma Badun da zama, ya yi aiki da Cibiyar Nazarin Al'adun Afirka ta Jami'ar Badun, wadda ta ɗauki Oba Koso a faifai, ta kuma buga shi da Yarabanci da Turanci a 1972 da taimakon Farfesa Robert Armstrong. Ya shirya wasanni a telebijin na Badun, wanda aka buɗe tun 1959, cikinsu har da jerin wasan nan Bode Wasinmi. Ya sake fita da ƙungiyarsa ƙasashen waje, har Amurka. A 1976 ya fito a Ajani Ogun na Ola Balogun tare da Adeyemi Afolayan, fim ɗin da ya buɗe wa masu wasan Yarabanci ƙofar silima.

Ran 11 ga watan Maris 1978 ya rasu bayan gajeriyar rashin lafiya, bai kai ga tsufa ba. Mutane da yawa sun ba da labarin cewa an yi ruwa da tsawa a ranar, masu bin al'adar gargajiya kuma suka ce Shango ne ya karɓi nasa. Watan Maris dai lokacin farkon ruwa ne a ƙasar Yarabawa, amma ba wanda ya iya raba su da wannan magana. Matarsa Abiodun ta riƙe ƙungiyar ta ci gaba da wasa bayansa.

Garin da ya yi wa aiki bai koma yadda yake dā ba. A 1983 Nike Davies-Okundaye, wadda ta taso cikin masu fasahar garin, ta buɗe cibiyar koyar da rini da saƙa da zane a Oshogbo, inda ta horar da mata da samari kyauta. A 1991 garin ya zama hedkwatar sabuwar Jihar Oshun. A 2005 hukumar UNESCO ta sa kurmin Oshun cikin wuraren tarihi na duniya, a wannan shekarar kuma ta naɗa Twins Seven Seven jakadanta na zaman lafiya ta fuskar fasaha. Shi da Ulli Beier duka sun rasu a 2011, shekara talatin da uku bayan Ladipo.